Ɗan Kabi da Shinkafar Inna Riskuwa

A unguwar Nassarawa ta Birnin Kebbi akwai wani yaro mai suna Ja'afar, ɗan shekara goma sha shida, wanda Allah ya hore wa kaifin ƙwaƙwalwa da iya hannu. Duk abin da ya lalace a layinsu, daga fanka har injin markaɗe, wurinsa ake kaiwa, kuma ba ya komawa gida sai yana aiki. Sai dai yaron nan yana da aibi guda: ba ya jin daɗin nasara sai ya ga wani a ƙasansa. Idan aka raba takardun jarrabawa, ba makinsa yake fara dubawa ba, sai na wanda ke bi masa, don ya ga tazarar da ya ba shi. Mahaifiyarsa Maimuna ta yi faɗa har ta gaji, ta koma yi masa addu'a.

A shekarun nan dabbobin inji sun cika gari. Akwai kyanwa mai kuka da kaɗa wutsiya wadda ba ta taɓa satar kifi ba, akwai kwikwiyon da ke raka yaro makaranta ya komo gida da kansa, har da aku mai tuna wa tsoho lokacin shan magani. Duk daga waje ake kawo su cikin kwali, a jera su a kasuwa kusa da wayoyi. Ja'afar ya ce shi ba zai yi kiwon abin da wani ya ƙera a wata ƙasa ba. Shi da Rejoice, 'yar maƙwabcinsu Silvanus mai haɗa sola, suna zuwa ƙungiyar ƙere-ƙere ta matasa kowace Asabar, kuma a can suka ƙulla shawarar yin nasu.

Shaho suka ƙera. Rejoice ce ta yi fukafukai. Ta yanka gashinsu ɗaya bayan ɗaya daga wata ledar sola mai laushi da ta samu a shagon babanta, ta ɗinka su a kan siraran ƙarafa, yadda tsuntsun zai riƙa shan rana yana tashi. Ja'afar kuma ya haɗa idanu da ƙwaƙwalwa, ya koya masa gane murya da bin taswira. Suka sha wahala, suka ɓata kaya, sau da yawa abin ya tashi ya faɗo kan kwanon maƙwabta aka fito ana yi musu tsiya. Ran da ya tashi sosai ya kewaya unguwa ya komo ya sauka a kafaɗar Ja'afar, har masu shayi sai da suka miƙe tsaye suna tafi. Suka raɗa masa suna Ɗan Kabi.

Kuma gaskiya abin alfahari ne. Ba a jirgi aka kawo shi ba, a nan cikin garinmu yara biyu suka haɗa shi da hannunsu. Ɗan Kabi ya san muryar Ja'afar cikin hayaniyar kasuwa. Da asuba yakan ƙwanƙwasa masa taga da baki har sai ya tashi salla. Idan Ja'afar ya dawo makaranta da ɓacin rai, sai tsuntsun ya sunkuyar da kai yana goga masa a kunci, abin da ba wanda ya koya masa, shi ya lura cewa hakan na sa yaron dariya. Ja'afar yana son tsuntsun nan so na gaskiya. Abin da ya ɓata son shi ne yadda yake tafiya da shi a kafaɗa yana kallon kyanwoyin sauran yara a wulaƙance.

Ana nan sai aka yi shelar gasar ƙere-ƙeren matasa da za a yi a Argungu. Sharaɗin shi ne kowa ya kawo bidiyon da ke nuna abin da ya ƙera yana yi wa mutane wani aiki mai amfani. Nan take Ja'afar ya tuna da gonar Kawunsa Maliki a fadama kusa da Gulma. Lokacin kaka ne, shinkafa ta fara nuna, kuma lokacin ne tsuntsayen jan-baki ke saukowa dubbai su cinye wahalar shekara kafin rana ta take.

Ja'afar ba baƙo ba ne a fadamar nan. Tun yana ƙarami yake zuwa hutu, ya hau rumfar tsaro da majajjawa, ya ja igiyar gwangwanaye har tafin hannunsa ya yi kanta. Don haka ya san dokar wurin sarai. Mutanen wannan fadama ba sa korar tsuntsu ɗaiɗai. Idan garke ya sauka, kowa yakan riƙe igiyarsa ya danne zuciyarsa, ko da a gonarsa ake ɓarna, har sai Sarkin Noma ya ga kowa ya tsaya a wurinsa ya busa ƙaho. Sa'an nan a ja igiya gaba ɗaya, a yi ihu gaba ɗaya, a tura garken ya bi ta saman gonar Kawu Maliki, wadda ita ce ta bakin gulbi, ya haye zuwa dajin ƙetare inda babu shuka. Wanda ya tashi tsuntsu kafin ƙaho, kan maƙwabcinsa ya zuba su, kuma ba abin kunya kamar wannan a wurin.

Bayan gonar Kawu Maliki akwai wani kwari inda ruwa ke daɗewa, kuma nan ne 'yar gonar Inna Riskuwa. Tsohuwa ce mai ciwon gwiwa da yawan barkwanci. Abin da take shukawa jar shinkafa ce mai dogon kara, wadda ta gada wurin uwarta, irin wadda ke bin ruwa tana tsawo duk yadda ambaliya ta kai. Sauran manoma sun bar ta sun koma sabon iri mai yawan buhu, amma duk shekarar da gulbi ya yi fushi ya shanye gonaki, ƙofar Inna Riskuwa ake zuwa roƙon iri. A duk fadamar, gonarta kaɗai ta rage da wannan shinkafa. Idan ta tafi, ta tafi ke nan.

Da hutun tsakiyar zango ya zo, Silvanus zai je Gulma haɗa wa wasu manoma famfon sola, sai ya ɗauki yaran a bayan a-kori-kurarsa. Aka sauki Rejoice a ɗakin 'yan matan gidan Kawu Maliki. Da hantsi suka fita fadama, Ɗan Kabi na kafaɗar Ja'afar yana juya kai yana kallon shinkafa ta yi shimfiɗa har iyakar gani.

Inna Riskuwa na zaune a gindin rumfarta da igiya ɗaure a hannu. Da ta hango su sai ta tafa.

"Lale da angona! Mi kaɗ ɗauko muna bisa kahwaɗa haka?"

"Shaho na, Inna," in ji Ja'afar yana ƙara miƙe wuya. "Ɗan Kabi sunanai. Nan Birnin Kebbi anka ƙera shi."

"Tau! Ba shi dai cin ɗiyan kaji ko?"

Rejoice ta yi dariya ta ce, "Rana shika sha, Inna. Ba ruwanai da kajinki."

Tsohuwa ta miƙa hannu a hankali, tsuntsun ya sunkuyar da kai ta shafa. Ta jinjina kai ta ce, "Allah shi yi muku albarka, ɗiyan ga. Ashe za mu ga haka kahin mu tahi."

Kawu Maliki ma ya yaba, amma ya kama Ja'afar a kafaɗa ya ce, "Ka san dokar hwadamar ga, ba sai na hwaɗa maka ba. Kak ka sake shi sai an busa ƙaho."

"Na jiya, Kawu."

Ran farko ya cika alkawari. Da yamma garke ya taso daga yamma kamar hayaƙin ƙona daji, ya sauka. Aka jira. Ƙaho ya yi kuka, gwangwanaye suka ɗauka, Ja'afar ya ɗaga hannu ya ce, "Tashi!" Ɗan Kabi ya buɗe fukafukai ya bi bayan garken ƙasa-ƙasa, yana kai gwauro yana kai mari kamar makiyayi da shanunsa. Abin da aka saba sha da gumi da shaƙewar murya, ran nan kafin a gaji an gama. Jan-baki suka haye gulbi ba su waiwayo ba. Manoma suka taru suna sa albarka, wani ya ɗaga Ja'afar sama, mata suka yi wa Rejoice guɗa. Sarkin Noma ya ce tun da yake bai taɓa ganin kora mai tsabta irin ta yau ba.

Da wani yaro ne, da wannan ya ishe shi, amma ban da Ja'afar. Da suka koma gida ya zauna a zaure ya kalli bidiyon da ya ɗauka, sai fuskarsa ta canza. Gonaki duka lafiya lau, ta Kawu da ta kowa iri ɗaya. Ga mutane na ihu, ga gwangwanaye na ƙara, ga tsuntsunsa ɗan ƙarami can cikin taro. Wa zai kalli wannan ya ce Ɗan Kabi ne ya yi aikin, ba gwangwanin madara ba? Shi abin da yake so alƙalan gasa su gani shi ne gona ɗaya tsaf, kewaye da gonakin da tsuntsu ya taɓa. Bai faɗa wa kansa haka ƙarara ba, amma abin da zuciyarsa ke nema ke nan.

Ya buɗe taswirar fadama a wayarsa, ya sa yatsa ya zana iyaka kewaye da gonar Kawu Maliki kaɗai. Daga yanzu Ɗan Kabi zai tsare abin da ke cikin zanen, ba zai ƙetare shi ba. Yana cikin yi Rejoice ta shigo da kwanon fura, ta leƙa wayar.

"Ja'afar, mi kaka yi?"

"Gwaji na. Alƙalan gasa bambanci suka biɗa."

"In kat tashe su kai ɗai, ina za su?"

"Sama na da hwaɗi."

"Kai ma ka san ba sama za su zamna ba," in ji ta. Ta ajiye kwanon da ƙarfi har furar ta fallatsa. "Wa ad bayan gonar Kawu? Hwaɗa mani."

Ja'afar ya kau da kai. "Ɗan lokaci kaɗan na. In niɗ ɗauki hoton sai in goge."

"Hukahukan ga ni niɗ ɗinka su, kuma ban ɗinka su don a cuci tsohuwa ba. In ba ka goge ba, zan gaya ma Kawu."

"Ki gaya mai. Muryata ɗai Ɗan Kabi ka ji."

Da ya ga ta nufi ƙofa da gaske, sai ya sassauta murya ya ce ya ji, zai goge. Har ya nuna mata yatsansa a kan wayar. Rejoice ta yarda, don ba ta taɓa kama shi da ƙarya ba. Bai goge ba.

Washegari Kawu Maliki ya yi sammakon zuwa kasuwar Argungu sayen buhuna, ya bar wa Ja'afar rumfarsa. Rana ta ɗan ɗaga ke nan sai garke ya bayyana, kuma na jiya wasa ne a kan wannan. Sai da hasken rana ya dusashe. Suka sauka ko'ina, kan gonar Kawu da na kewaye, karan shinkafa na lanƙwasa saboda nauyinsu. Mutane suka riƙa gudu zuwa rumfunansu. Sarkin Noma ya ɗaga ƙaho amma bai busa ba, domin mutanen gefen kudu ba su kai wurarensu ba tukuna.

Ja'afar ya kunna kyamara, ya ɗaga hannu, ya ce, "Tashi!"

Wanda ya ga tashin nan ba zai manta ba. Ɗan Kabi ya yi sama, fukafukansa na walƙiya, ya dunƙule ya faɗo tsakiyar garken da ƙara mai firgitarwa. Tsuntsayen gonar Kawu suka tashi gaba ɗaya a gigice. Ya bi su har iyakar da aka zana masa, sa'an nan ya juya kamar ya ci karo da bango, ya koma yana shawagi a saman gonar, yana kewayawa cikin isa. Ko tsuntsu ɗaya bai rage a shinkafar Kawu ba. Ja'afar ya ji kansa ya yi girma, yana ɗauka yana murmushi.

Sai ƙaho ya yi kuka a makare, aka ja igiyoyi, aka yi ihu. Garken fadama duka ya tashi ya nufi hanyar da aka saba tura shi, ta saman gonar Kawu zuwa gulbi. Amma yau shaho na tsaye a kan hanyar. Suka yi cirko-cirko a sama, suka juyo, suka nemi wuri mafi kusa da ba mai ƙarfin korarsu, suka zube a kwarin Inna Riskuwa. Aka sake ja, suka sake tashi, suka sake ganin shaho, suka sake komawa kwarin. Tsuntsun fadama gaba ɗaya ya taru a kan 'yar gonar da ba ta fi filin tsakar gida biyu ba.

Ja'afar ya juya kyamara can don ya ɗauki bambancin da yake nema, ya jawo hoton kusa. Abin da ya gani shi ne Inna Riskuwa ta saki igiya ta shiga ruwa har gwiwa, gwiwar da ko tsayuwa ba ta iya yi da ita sosai. Ta cire mayafinta tana kaɗawa, bakinta na motsi amma murya ta ƙare. Ta zame ta faɗi cikin laka, ta dafa ta tashi. Da ta ga kora ba ta yi, sai ta shimfiɗa mayafin a kan 'yan zangarniyar da ke gabanta, ta rungume su da hannu biyu, tsuntsaye na sauka har a bayanta. Ga Rejoice can ta yanki gonaki da gudu ta nufe ta, tana waiwayowa tana ƙwala masa kira.

"Ja'afar! Ka ce ka goge! Ja'afar!"

Murmushin ya bushe a fuskarsa. Kunya ta rufe shi tun daga kai har ƙafa, irin wadda bai taɓa ji ba, kuma tsoro ya biyo bayanta. Ya buɗe taswira ya share iyakar. Ya diro daga rumfa ya ruga wajen Sarkin Noma yana haki.

"Baba, ni niy yi. Ni nit tare musu hanya. Don Allah a sake busawa, zan kai shi bayansu."

Sarkin Noma ya dube shi kallo ɗaya, ya kai ƙaho baki.

Ja'afar ya kira Ɗan Kabi ya kewayo ta kudu, ya buɗe hanyar gulbi. Sai tsuntsun ya yi wani ɗan kuka siriri, wanda Ja'afar ya sani sarai: ƙarfinsa ya kusa ƙarewa. Shawagin isar da ya yi ta yi da faɗowar nuna bajinta sun cinye masa caji, kuma garken ya tare ranar da zai sha. Ya nufo kafaɗar ubangidansa kamar yadda ya saba idan ya gaji. Da Ja'afar ya miƙa hannu, da tsuntsunsa ya tsira. Ya dubi kwarin, ya dubi tsohuwa cikin laka, ya mayar da hannunsa baya.

"A'a, Ɗan Kabi. Koma. Kai su har ƙetare."

Tsuntsun ya yi kewaye ɗaya a kansa, sa'an nan ya juya. Ƙaho ya yi kuka, fadama duka ta ɗauki ihu da ƙarar gwangwani, har da Ja'afar da ya kama igiyar wani yana ja kamar zai tsinke ta. Ɗan Kabi ya shiga kwarin ƙasa-ƙasa, ya ɗebe garken daga kan Inna Riskuwa, ya tura shi gaba. Duk inda wani ɓangare ya nemi ɓallewa, sai ya sha gabansa ya mayar da shi. Suka bi ta saman gonar Kawu, suka hau kan gulbi. Bai juyo a bakin ruwa ba, don an ce masa har ƙetare. Sai da na ƙarshensu ya shige dajin can, sa'an nan ya juyo. Yana tsakiyar gulbin Rima fukafukan suka tsaya. Ya karkata, ya faɗa ruwa.

Ba wanda ya yi guɗa a wannan karon. Wasu masunta da ke kusa suka bi shi da jirgi suka tsamo shi, suka kawo wa Ja'afar yana ɗigar ruwa. Ya rungume shi ya kira sunansa, ya sake kira, amma kan bai ɗago ba. Rejoice ta buɗe ƙirjinsa ta duba, ta girgiza kai. Ruwa ya shiga ƙwaƙwalwar, duk abin da tsuntsun ya koya ya tafi. Ja'afar ya zauna a kan kunyar gona ya yi kuka a gaban kowa, bai damu da wanda ke kallo ba.

Da Kawu Maliki ya dawo da azahar, ya tarar da gonarsa ita kaɗai tsaf, ta maƙwabta an taɓa, kwarin Inna Riskuwa kuwa sai karare tsaye da ƙaiƙayi a kan ruwa. Ya gaida mutane, suka amsa a taƙaice. Tun kafin ya tambaya Ja'afar ya zo ya durƙusa ya faɗi komai, har da ƙaryar da ya yi wa Rejoice. Kawu bai ɗaga hannu ba. Ya ce, "Da tsuntsu yac cinye tawa duka, da ya hi mani sauƙi bisa ga wanga." Ran nan ya sa aka gaya wa Inna Riskuwa cewa abincinta na shekara yana wuyansa.

Amma ba abinci ne ya dami tsohuwa ba, iri ne. An kai ta gida an gasa mata gwiwa, ta kwanta ta juya wa ƙofa baya. Ja'afar ya je ya tsuguna a bakin ɗakinta ya ba da haƙuri. Ba ta juyo ba, ta ce, "Ja'afaru, in kana son gahwara, tahi kwari. Abin da tsuntsu yab bari, ko ƙwara guda ta, ka kawo mani."

Ya tafi. Rejoice ta bi shi, ko da yake har yanzu tana fushi da shi. Suka shiga ruwa suna bin kara ɗaya bayan ɗaya, suna tsinke duk zangarniyar da ta rage da 'yan ƙwayoyi. Mafi yawa daga inda tsohuwar ta rufe da mayafi aka samu. Sauro ya ci su, matsattsaku da tsutsar ruwa suka kama musu ƙafa. Da 'yan matan gidan Kawu suka ga abin da gaske ne, su ma suka shigo, daga baya har samarin da suka yi fushi da Ja'afar. Ranar gasa ta zo ta wuce suna cikin laka. Silvanus ya tambaye shi ko a kai shi Argungu ya nuna bidiyon ranar farko, ya ce a'a, akwai sauran kusurwar da ba su bi ba.

A fadamar kuwa labarin Ɗan Kabi ya riga ya bazu. Mutane ba su manta da laifin yaron ba, amma ba su manta da tsuntsun da ya kai garke ƙetaren Rima ya ba da ransa ba. Har Argungu ana ba da labarin, kuma duk mai bayarwa sai ya ƙara da cewa 'ya'yan Kabi ne suka ƙera shi. Sarkin Noma ya aiko a tambayi Rejoice ko za a iya yin wani, wanda kunnensa zai riƙa jiran ƙaho. Ta ce za a iya, in abokin aikinta ya yarda da sharaɗin. Ja'afar ya ce ya yarda.

Da suka gama tsince kwarin, aka shanya abin da aka samu, aka kai wa Inna Riskuwa. Ta sa aka fito da ita tsakar gida. Ta murje zangarniyar da tafin hannunta, ta sheƙe a faifai, ta zuba a 'yar ƙwarya. Gonar da ta saba cika mata rumbu, ga ta yau ba ta kai bakin ƙwaryar ba. Ta ɗauki ƙwaya ɗaya ta ciza, ta tauna a hankali, kowa yana kallon bakinta.

"Da rai," in ji ta. "Iri ya tsira, alhamdu lillahi."

Ja'afar ya saki numfashi. Ya ce, "Inna, ke nan baɗi za ki ci tuwonta."

Tsohuwa ta dube shi, ba da fushi ba. "A'a, ɗana. Wagga ba ta ci ba ta, ta shuka ta. Abin da taz zo da shi baɗi ma shuka za a yi. Sai an yi shekaru kahin a sa ta tukunya." Ta rufe ƙwaryar da faifai, ta jawo ta jikinta. "Ku za ku ci. Ni kuwa, in Allah ya kai ni."

Ja'afar ya sunkuyar da kai.

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, basira baiwa ce, kuma ya dace mu yi alfahari da yaranmu idan suka ƙera abin da duniya za ta kalla. Amma duk na'ura, komai wayonta, iyakar da mai ita ya zana mata take bi. Wanda ya zana iyakar a kan amfanin kansa kaɗai, ya sani cewa cutar da ya kora daga gonarsa ba ɓacewa take yi ba, kan maƙwabcinsa take sauka, kuma sau da yawa kan wanda ya fi kowa rauni. Tuba tana da kyau, gyara yana da kyau, sai dai ba duk abin da girman kai ya ɓata cikin ɗan lokaci ne ake iya mayar wa mai shi ba. Saboda haka, yaro mai basira, kafin ka saki abin da ka ƙera, ka tambayi kanka wa ke bayan gonarka.